Gidan Ɗantata: Daga Buhun Gyaɗa Zuwa Buhun Siminti

A garinmu Ɗantutture, in yaro ya matsa wa tsohonsa da roƙon kuɗi, akan ce masa, "Kai, ni Ɗantata ne?" Na daɗe ina jin wannan suna ban san mai shi ba, sai a hutun da ya wuce na zauna da kakana, wanda ya yi noman gyaɗa tun yana saurayi. Abin da ya gaya mini, da wanda na karanta, shi ne zan ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da aka sani da fatauci. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi. Daga nan sunan ya samo asali. Da ya tasa sai ya shiga fataucin goro. To, a nan ya fara nuna dabara. Maimakon ya bi ayarin jakuna wata da watanni daga Gwanja, sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa kuwa suna neman gyaɗa ido rufe don masana'antun mai da sabulu na ƙasarsu. Amma Bature bai san hanyar ƙauye ba, bai kuma san wanda zai ba amana ba. A 1918 kamfanin Neja ya ɗauki Alhassan ya riƙa sayo masa gyaɗa.

Ga yadda aikin yake tafiya, kuma nan ne na fi so a lura. Kamfani ya ba babban ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, wato wakilansa, su bazu cikin ƙasa. Kowane wakili yana da nasa 'yan awo a kasuwannin ƙauye. Ba takardar lauya, ba jingina, sai sanin asalin mutum da gidansu. Wanda ya cika alkawari bana, baɗi a ƙara masa jari. Wanda ya ci amana kuwa, ya rufe wa kansa ƙofa, har da 'yan'uwansa. Kakana ya ce su a nan ba su taɓa ganin manyan ba. Abin da suka sani shi ne su ɓare gyaɗa, su ɗora wa jaki zuwa kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, a ɗora a sikeli, a ƙirga musu sulalla, mota ta kwashe. Na tambaye shi, "Kaka, to wa ya fi cin riba?" Ya yi dariya ya ce, "Mai sikeli ai ba ya kwana da yunwa." Ya ce wanda ya fi shan wuya shi ne manomin da ya karɓi falle da damina, don kuwa ya sayar da gyaɗarsa da araha tun tana cikin ƙasa.

Buhunan da aka tara a Kano suna jiran jirgi su ne aka jera suka zama dalar gyaɗa. Yawan dukiyar Alhassan kuwa, a 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya.

Ya rasu a 1955. Mu dai mun saba gani, in mai kanti ya mutu, kafin shekara ta zagayo an raba kaya, an sayar da rumfa, kowa ya kama gabansa. Na ga haka da idona a danginmu. Shi Alhassan kafin cikawarsa ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su bar kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya rushe. Ahmadu ya riƙe shi har ya rasu a 1960, sannan Aminu ya karɓa. A ganina abin da ya taimake su shi ne tun uban yana da rai ya sa su cikin aikin, suka san sikeli da lissafi, ba su tsaya jiran gado ba.

Sa'an nan ba su dogara ga gyaɗa kaɗai ba. Aminu ya shiga kwangilar gine-gine da sayar da kayan gini, daga baya har da harkar man fetur. Saboda haka da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, dala ta ɓace, gidan bai faɗi ba. Manoma irin su kakana ne suka koma wa gero da dawa.

Sanusi, wani ɗan Alhassan, shi ne kakan Aliko Ɗangote ta wajen uwa. Aliko ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu a gidan, ya bi ta shinkafa da sukari har ya kai ga masana'antar siminti ta Obajana da matatar mai ta Lekki da aka buɗe a 2023. Alhaji Aminu kuwa ya rasu a 2025, aka binne shi a Madina.

Da na karanta wa kakana wannan, sai ya nuna mini buhun simintin da muka saya don gyaran ɗakinsa, ya ce in duba sunan da ke jiki.