Gargaɗi ga Direbobin Hardawa: A Dakata da Ɗaga Mota Kafin Kaka ta Kankama

Kaka ta ƙarato. Nan ba da jimawa ba buhunan gero da dawa da gyaɗa da wake za su fara fitowa daga ƙauyukan Hardawa zuwa kasuwannin Misau da Azare, a kan hanyoyin da damina ta cinye. A irin wannan lokaci ne mai mota yake shiga gareji ya ce wa makanike: "Oga, ɗaga min ita ta daina dukan ƙasa." Sai a cire sifirin ɗin da kamfani ya sa, a ɗaura mai tsayi na wata motar, ko a ƙara ganye biyu a bayan Hilux, ko a cusa guntun tsohuwar taya a tsakanin murɗin sifirin. Mota ta fito tana tsaye ƙiƙam, ɗan'uwa ya gani ya yi sha'awa, gobe shi ma ya kai tasa. 'Yan'uwana direbobi, ina roƙon ku da ku tsaya haka nan, tun wannan ɗabi'a ba ta game tashoshinmu ba.

Na san abin da ya kai ku. Yashi yana kama cikin mota, rami yana fasa tankin baƙin mai, ga tsadar fetur ta sa kowa yana son sawu ɗaya ya biya masa na biyu. Amma ku lura: lotsawar da mota take yi idan an loda mata kaya gargaɗi ce. Da ita take gaya maka cewa ta kai iyakarta. Sifirin mai tauri yana toshe mata baki ne kawai. Bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ko aksul ba. Hilux kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhu 10 mai kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Ƙaramar mota irin Golf kuwa wajen rabin haka. Idan ka jibga mata ninki ba ta lotsa ba, nauyin yana nan, ya koma kan abin da ba ka gani.

Babban haɗarin shi ne kifewa. Duk wanda ya taɓa kora amalanken da aka tula wa kara har sama ya san ƙaramin tudu ya isa ya kwantar da ita. Injiniyoyi suna auna wannan da lissafi: faɗin da ke tsakanin taya da taya, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin mota. A ce faɗin santimita 150 ne, tsayin cibiyar 70, amsar ita ce 1.07. Ka ɗaga mota, ka ɗora kaya a sama har cibiyar ta kai 80, amsar ta sauko 0.94. Duk saukar da lambar nan ta yi, saurin kifewa ya ƙaru. Kwanar da ka saba sha lafiya lau, ko kauce wa akuya a bakin gari, sai ta zama ajali.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wannan. A 1997 wata mujallar motoci a ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class da kaucewar gaggawa, motar ta wuntsila. Kamfanin ya dakatar da sayarwa, kuma cikin gyaran da ya yi har da rage mata tsayi. A 2016 mujallar ta yi wa Hilux irin wannan gwaji a gudun kimanin kilomita 60 a awa, tayoyin gefe ɗaya suka tashi sama, saura ƙiris ta kife. Wannan Hilux ce sabuwa fil, a kan shimfiɗaɗɗen fili, a hannun ƙwararre. To ina ga wadda aka ɗaga, aka yi mata lodi, mutane suna zaune a kan buhuna, tana gudu a titin Azare zuwa Potiskum?

Akwai kuma ɓarnar da ke ƙarƙashin mota. Ku leƙa bayan tayar motar da aka ɗaga ku ga robar da ke kai man birki: da tana da sassauci, yanzu ta miƙe tsam, rami ɗaya zai iya tsinka ta. Shokozoba da aka bari a gajeren tsayinta tana buguwa har ta fara yoyo. Shaf da gaɓoɓin ƙafa suna aiki a karkace, robarsu ta yage, yashi ya shiga. Sitiyari ya rinƙa yawo, taya ta ci gefe guda, fitila ta kauce daga inda aka saita ta. A Hilux da yawa ma akwai wani ɗan famfo a baya da ke auna lotsawar mota domin ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan an ɗaga ta ba a sake saita shi ba, sai ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin a daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Sifirin da aka yi wa walda ko aka gasa da wuta kuwa ya mutu, jiran ranar karyewa kawai yake yi. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Wanda hanyar garinsu ta tilasta masa, to ya yi abin a kan ƙa'ida. Kada ya wuce inci 2, wato santimita 5. Ya nemi sifirin da aka ƙera wa irin motarsa, ko da sai ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya canza hagu da dama tare, da shokozoba mai tsayin da ya dace. A duba robar birki, a saita ƙafa da fitila, sannan ya rage gudu, ya sa kaya masu nauyi a ƙasa. Kuma iyakar lodi tana nan inda kamfani ya rubuta ta.

Makanikai, amana tana hannunku. Ku faɗa wa mai mota gaskiya ko da zai kai aikin wani wuri, kuma kada ku bar yaranku su matse sifirin da waya ko igiya, domin idan ya kuɓuce yana iya fasa fuska. Fasinjoji, motar da kuka ga bayanta ya yi sama fiye da kima, ku haƙura ku jira ta gaba. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na tashoshin Hardawa da Misau da Azare, ku kira mambobinku a wannan makon, ku gayyato jami'an kiyaye haɗurra na FRSC da masu duba lafiyar mota na VIO, a leƙa ƙarƙashin kowace mota. Wadda aka samu da sifirin walda ko cushen taya, a hana ta layi har sai an gyara. Wannan aikin yini guda ne, kuma ya fi a yi ta jigilar 'yan'uwanmu zuwa asibitin tarayya na Azare. Allah Ya kiyaye hanya.