Maganin Rage Tsamin Ciki: Ina Iyakar Amfaninsa ga Mai Gyambon Ciki?

Da wuya a wuni a kantin sayar da magani ba a ga mai neman maganin olsa ba. Wani zai yi makonni yana shan ƙwayoyin, ya ji sauƙi, har ya ɗauka ya rabu da ciwon. Bayan 'yan watanni sai zafin nan na saman cibiya ya dawo, ya riƙa tashinsa da tsakar dare. Shin maganin ne ba ya aiki, ko kuwa an ɗora masa nauyin da ba nasa ba?

Tumbin ɗan Adam yana fitar da ruwa mai tsananin tsami, wato asid ɗin haidurokulorik, wanda ke tsakanin 1.5 da 3.5 a ma'aunin pH. Aikinsa shi ne taimakawa wajen narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ke hana shi cin tumbin kansa shi ne wani ruwa mai yauƙi da ya lulluɓe bangon ciki. Idan wannan kariya ta sami rauni, sai asid ya ci naman wurin, ya bar miki a tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Wannan miki shi ne gyambon ciki.

Magungunan rage tsami iri uku ne. Na farko su ne masu kashe kaifin asid ɗin da ya riga ya zubo, kamar farin ruwan nan mai kauri da ake haɗawa da sinadarin magnesiyam ko alminiyam. Kanwar da ake jiƙawa a sha a ƙasar Hausa ita ma haka take aiki, sai dai ba ta da ma'auni, kuma tana da sinadarin sodiyam mai yawa, wanda bai dace da mai hawan jini ba. Sauƙin da wannan rukuni ke kawowa ba ya daɗewa.

Na biyu su ne masu toshe saƙon da ke umartar tumbi ya fitar da asid. Farkonsu shi ne simetidin, wanda ya shiga kasuwa a Ingila a 1976 da sunan Tagamet. Kafin zuwansa, masu gyambo da yawa sai an yi musu tiyata. James Black, wanda bincikensa ya haifar da maganin, ya sami kyautar Nobel a 1988. Na uku kuwa su ne masu rufe famfon da ke turo asid daga bangon tumbi, irin su omefrazol, wanda kamfanin Astra na Suwidin ya fitar a 1988. Waɗannan sun fi ƙarfi, kuma sun fi aiki idan aka sha su kamar minti 30 kafin karin kumallo.

Babu shakka magungunan suna warkar da miki. Omefrazol yana rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na gyambon farkon hanji cikin mako 4, na tumbi kuwa yakan ɗauki mako 8. Matsalar ita ce, idan aka tsaya a nan, fiye da rabin majinyata ciwon yana dawo musu kafin shekara ta zagayo.

Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka gano dalili. A 1982 suka yi nasarar renon wata ƙwayar bakteriya mai lanƙwasa da suka samo daga cikin majinyata, wadda daga baya aka raɗa wa suna Helicobacter pylori. Tana fitar da sinadarin amoniya da ke kare ta daga asid, ta ɓuya cikin yauƙin bangon tumbi, ta haddasa kumburin da ke raunana kariyar. Da masana suka yi ta shakka, sai Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, cikin 'yan kwanaki kumburin tumbi ya kama shi. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar ta yaɗu ƙwarai a Afirka, akasari kuma tun ana yara ake ɗaukarta, ko da yake yawancin masu ɗauke da ita ba sa yin gyambo.

Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibufrofen da dikulofenak, domin suna rage yauƙin da ke kare tumbi. Yunwa da yaji suna iya tayar da zafin, amma ba su ne tushen ciwon ba. Madara ma takan sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya ta sa asid ya ƙaru.

Saboda haka maganin rage tsami kaɗai tamkar kwashe ruwa ne daga ɗakin da ke yoyo ba tare da an gyara rufi ba. Idan gwajin bahaya ko na numfashi ya nuna ƙwayar, likita yakan haɗa omefrazol da aƙalla magunguna biyu masu kashe bakteriya, yawanci na kwana 14. In an kawar da ita, waɗanda ciwon ke dawo wa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Wajibi ne a shanye maganin duka, domin katse shi yana sa ƙwayar ta daina jin magani.

Akwai kuma haɗari ga mai saye yana sha ba tare da gwaji ba, domin maganin yana iya ɓoye alamun sankarar tumbi har lokaci ya ƙure. Duk wanda ya ga baƙin bahaya kamar kwalta, ko aman jini, ko rama babu dalili, ko wahalar haɗiye abinci, to ya garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.