Idan Abu Ɗaya Ya Koma Biyu A Idonka

Idan ka fara ganin abu bibbiyu, ko fatar idonka ta sauko ta ƙi ɗaguwa, kada ka yi gaggawar zuwa wurin masu tabarau. Rufe ido ɗaya da tafin hannu tukuna. In bibbiyun ya ɓace, to idanun ne suka daina tafiya tare, kuma tabarau na yau da kullum ba zai gyara wannan ba.

Tsoka shida ke juya kowane ido, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni. Ciwon suga da hawan jini kan taɓa jijiyoyin nan. Amma akwai wasu cututtuka da ba a cika gani ba, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita.

Ɗaya daga ciki ita ce cutar Miller Fisher, wadda wani likita ɗan Kanada mai wannan suna ya bayyana a 1956. Takan ɓullo mako ɗaya zuwa uku bayan mura ko gudawa. Idanu su kasa juyawa, mutum ya riƙa tangaɗi a tafiya, in likita ya ƙwanƙwasa masa gwiwa ƙafar ba ta zabura. Akan nemi wani sinadarin garkuwa mai suna anti-GQ1b a jini, a ɗebi ruwan laka, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa don a tabbatar ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Gudawar nan da ta wuce, wadda kowa ya manta da ita, ka tuna ka gaya wa likita. Yawancin masu cutar kan murmure cikin wata shida.

Myasthenia gravis kuwa halinta daban ne. Da safe mutum garau, da yamma ido ya lumshe, har a gida a ce gajiya ce ko sammu. Likita kan ɗora ƙanƙara a fatar idon na minti biyu, in ta ɗaga, alama ce babba. Ɗauki hoton fuskar da waya safe da yamma, ka tafi da shi asibiti.

Ka nemi a tura ku wurin likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa, mara lafiya kuma ya dakata da tuƙi. In murya ta sauya, haɗiya ta yi wuya, ko numfashi ya fara sarƙewa, a kai shi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.