Mai Jan Taro a Zuru

Ana gobe ɗaurin aure, bayan sallar isha'i, kawuna yakan ɗauki littafinsa na rubutu irin na 'yan firamare, ya soka biro a aljihun gaba, ya hau babur ya nufi gidan da za a yi sha'anin. Ba gaisuwa kaɗai ke kai shi ba. Zai nemi dattijo ɗaya na gidan su zauna a kan tabarma, ya yi ta jero tambaya. Wa ye waliyyi? Wa zai karɓa wa ango? Ƙannen uban amarya su nawa ne, kuma wane ne babba? Wace ce ta raine ta? Akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna, da bai kamata a zaunar da su rumfa ɗaya ba? Duk sunan da aka faɗa masa sai ya rubuta, ya maimaita shi da ƙarfi har mai gidan ya ce haka ne. In sunan na C'lela ne yakan maimaita sau uku, don a harshen nan ɗan karkacewar murya kaɗan ta isa ta ɓata suna.

Washegari mutane za su gan shi tsaye da makirufo, ba takarda a hannu, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa da na garinsu, su ce wannan mutum Allah ya ba shi baki. Bakin kam akwai shi. Amma ni da na shekara ina riƙe masa jaka na san cewa rabin abin da ake kira baiwa a daren jiya aka haɗa shi, a kan tabarma, da tocilan.

'Yan boko suna ce wa mai wannan aiki emsi. Tsofaffi kuwa sanƙira suka sani, wanda malam zai faɗi magana a hankali shi kuma ya ɗaga ta ga jama'a, ya ce a yi salati, ya ce an ba da, an karɓa, sadaki kaza lakadan, a shafa fatiha. Sanƙiranci tsohuwar sana'a ce ta maroƙa a ƙasar Hausa, akasari gado ake yi, har sarauta gare ta a fadoji. Kawu bai gada ba. Malamin makaranta ne da aka fara roƙa ya gabatar da baƙi ranar rabon kyaututtuka, daga nan aka ɗauke shi zuwa walima, daga walima zuwa gidauniya, har ya zama ba a buga katin gayyata a unguwarmu sai an tambaye shi ko yana da sarari ran nan. In ka ce masa wace sana'a ke gare ka bayan alli, sai ya ce jan taro.

Jan taro a Zuru ya fi na wurare da yawa wuya, kuma dalilin a fili yake. A Kano ko Katsina mai magana zai tsaya gaban jama'ar da kusan duk harshensu ɗaya, addininsu ɗaya. A nan kudancin Jihar Kebbi, rumfa guda za ta tara Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Fulani da Hausawan kasuwa, ga ma'aikata da ɗalibai da Jami'ar Noma ta Tarayya ta jawo daga ko'ina tun da aka kafa ta a 2020. Gida ɗaya za ka samu wa liman ne, ƙane dattijon coci, kakarsu kuma tana nan kan al'adar iyayenta. Hausa ce ke haɗa kowa, amma tsohuwar da ta taso daga Dabai ko Senchi ba za ta ji an yi da ita ba sai an gaishe ta da C'lela, shi kuma babban baƙon da ya zo daga Abuja yana jiran a ɗan jefa masa Turanci. Mai jan taro ne ke ɗauke da wannan kaya duka. Shi zai san in malam ya buɗe da addu'a to fasto ne zai rufe, in fasto ya buɗe malam ya rufe, ya kuma faɗi hakan ta yadda ba wanda zai ji an yi masa alfarma.

Sai kuma jerin gaisuwa, inda mafi yawan sababbin shiga ke faɗuwa. Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, kowace da sarkinta da hakimanta da masu unguwanninta, kuma kowa ya san wurin zamansa. Ƙari a kan haka, Zuru garin sojoji ne. Da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba. Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, Gomo na biyu, wanda ya rasu a watan Agustan 2025, shi kansa Manjo Janar ne mai ritaya, ya kuma yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985. Wanda zai ambaci mutum irin wannan a bainar jama'a dole ya san me ke gaba, me ke bi. A garin da tsofaffin sojoji ke cika sahun gaba, ka kira birgediya da kanar, ko ka ce wa warant ofisa saje, ba ƙaramin abu ka yi ba. Mutum ya ba da shekara talatin na rayuwarsa kafin ya sami igiyar nan, ba zai yi maka magana ba, amma ba zai manta ba.

Wannan ne ya sa nake ganin masu cewa maganin tsoron taro shi ne ƙarfin hali ba su faɗi gaskiya duka ba. Ƙarfin hali ba tare da sani ba, ihu yake haifarwa. Abin da ke kwantar da zuciyar mai magana shi ne ya san cewa duk wanda ya ɗaga ido ya gani a rumfar ya san ko wane ne shi, ya san abin da ya kawo shi.

Ranar da kawu ya fara miƙa mini makirufo ina aji huɗu na sakandare, a wata walimar saukar karatu. Sanarwa ce 'yar ƙarama, an tsinci yaro yana kuka, a zo a ɗauke shi. Na karɓa, bakina ya bushe ƙayau, gwiwoyina suna kaɗawa, na ji bugun zuciyata a kunne. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ka ga baabar can ta ƙarshen rumfa mai jan mayafi? Ita kaɗai za ka gaya wa. Ja numfashi tukuna." Na ja, na gaya mata. Da na juyo sai ga uwar yaron tana ratso kujeru. Daga baya ya ce mini rawar jikin ba ta barin mutum har abada, shi ma yana jin ta duk ranar taro, sai dai ya san ba ta wuce minti biyu na farko, don haka yakan haddace maganarsa ta farko tsaf, yadda ko hankalinsa ya tashi bakinsa zai kai shi gaɓa.

Haka ake koyon aikin, daga ƙanana. Yaro zai fara da riƙe jaka da rubuta sunayen waɗanda suka iso a makare ya miƙa wa maigidansa a ɓoye. Sai a bar masa sanarwar mai mota ya zo ya gyara fakin. Sai jawabin godiya a ƙarshe, lokacin da rabin jama'a sun miƙe. Sai ranar da maigida zai ce muryarsa ta dishe, alhali ba ta dishe ba. A tsakanin nan yana tsintar abubuwan da ba a rubuta su a ko'ina: kada ka manna makirufo a leɓe, bar tazarar yatsa uku, kada ka tsaya gaban lasifika, za ta yi ƙarar da ke sa yara toshe kunne, kafa ƙafafunka biyu a ƙasa, ka daina lilo, in jama'a sun ɗauki surutu kada ka yi gasa da su, yi shiru ka dube su, shirun ne zai jawo su. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne wuya, domin mai tsoro ji yake in ya yi shiru na ɗaƙiƙa uku duniya za ta tashi, sai ya cike gurbin da wato, da ka gane, da ɗin nan. Akwai wata ƙungiyar koyon magana mai suna Toastmasters da aka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1924, wadda a zamanta ake ware mutum guda aikinsa kawai ƙirga irin waɗannan kalmomi na cike gurbi. Kawu bai taɓa jin labarinta ba, amma yakan ba ni ƙwayar gyaɗa a hannun dama, duk wato ɗin da ya yi in mayar da ɗaya hagu, in an tashi mu ƙirga.

Ban ɗauka dace kawai ba ne cewa manyan masu magana biyu da Arewa ke tinƙaho da su daga aji suka fito. Abubakar Tafawa Balewa, wanda muryarsa ta karɓi 'yancin Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, malami ne a Midil ta Bauchi kafin siyasa. Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, wanda ya wakilci ƙasar nan a Majalisar Ɗinkin Duniya ya kuma rasu a 2017, shi ma da alli ya fara. Wanda ya saba tsayawa gaban yara arba'in bayan an dawo tara, rana ta take, ya riga ya koyi karanta fuska, ya san lokacin da aka bar shi shi kaɗai ko da idanu na kansa. A Zuru ma makarantun wannan sana'a su ne muhawarar 'yan sakandare, da musabaƙar Islamiyya, da karatun Lahadi a coci, da tarukan zumuntar mata, inda mata da yawa suka goge har suka zama su ake nema ranar kamu da wunin biki. Tafinta kuwa, wanda ke tsayawa gefen mai wa'azi yana juya Hausa zuwa C'lela, shi ya fi kowa sanin darajar gajeriyar jimla, don shi ke shan wahalar doguwa.

Kuɗin aikin ba shi da tsayayyen farashi. Wani gidan a yi ciniki tun farko, wani a ba ka ambulan bayan an watse, wani kuma abin da aka liƙa maka a goshi shi ne rabonka. A nan ne jarabawar take. Na ga masu baki da yawa da suka lalace ta wannan ƙofa: mai kuɗi na shigowa sai a dakatar da komai a yi masa kirari na minti goma, dattijon da ya yi tafiyar awa uku a kan babur daga Ribah ko Dirin Daji kuwa ko sunansa ba a ambata ba. In kakar siyasa ta zo sai makirufo ya koma bulala, habaici da zambo a gidan bikin mutane. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, musamman a ƙasar da 'yan bindiga suka raba ƙauyuka da dama da mutanensu a 'yan shekarun nan, inda tarukan ta'aziyya da na tallafa wa masu gudun hijira suka yawaita, kuma kalma ɗaya ta ganganci a lasifika za ta iya hura wutar da shekara ba ta kashe ba. Magana zarar bunu ce, ta lasifika kuwa ta fi kowace nisa.

A filin Uhola, bikin godiyar kaka na Lelna, inda ake yaye samarin da suka kammala golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, mai jan taro yana da ganguna da 'yan kokawa da masu rawa su taya shi riƙe jama'a. Gwaninta ta gaske a ƙaramin taro ake ganin ta.

Wani ɗaurin aure da ba na mantawa, ana tsakiyar gabatar da dangi janareta ya mutu. Rumfa ta ɗauki hayaniya, masu kiɗa suka fara lalube a wayoyi, wasu suka miƙe za su nufi wajen abinci. Kawu ya ajiye makirufo a kan teburi, ya tako tsakiyar fili, ya tsaya bai ce komai ba. Sahun gaba suka yi tsit, na bayansu suka bi. Sannan ya yi sallama da muryarsa ta aji, ya gaisa da C'lela, ya ce akwai wadda ba a sa sunanta a kati ba, amma ita ta goyi amarya tun tana wata bakwai da uwarta ta rasu, ita ta sayar da akuyarta ta biya mata kuɗin jarabawa. Ya kira ta da sunanta na yanka da na ƙauyensu, ya ce, "Inna, don Allah ki taso jama'a su gan ki."

Tana can baya kusa da masu wanke-wanke, hannunta da kumfar sabulu. Ta goge a zaninta, ta miƙe a hankali, mata biyu suka kama ta. Aka rangaɗa guɗa daga ɓangaren mata, uban amarya ya sauko daga babban teburi ya ba ta kujerarsa. Ina tsaye a gefe da jakar kawu, littafin a buɗe a hannuna, ga sunanta nan a ƙasan shafi na uku, ya ja masa layi biyu.