Gandu da Gamana: Wa ke Riƙe da Rumbu a Ƙasar Tasawa da Mayahi?

A ƙauyukan gundumar Tasawa da ta Mayahi, cikin jihar Maradi, mai son sanin inda iko yake cikin gida sai ya tambayi abu biyu: wa ke raba gona, wa kuma ke buɗe rumbu.

Tun kaka da kakanni, gandu shi ne babbar gonar gida. Mai gida ke riƙe da shi, ƙannensa da ƴaƴansa suna noma ƙarƙashinsa kwana huɗu ko biyar cikin mako. Amma ikon nan da nauyi ya zo. Shi ke ci da iyali, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari auren fari. Shi ne kuma ke yanka wa matan aure da samari gamana, wadda amfaninta na mai nomanta ne.

A gidaje da yawa, in an gama kaka, mai gida yakan rufe rumbun gandu sai damina ta faɗi. Maza su tafi cin rani, geron gamanar mata ya riƙe yara. Ke nan mace tana da nata ƙarfi, ko da ba a zama da ita wurin rabon gona.

Yanzu al'amari ya sake. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen miliyan 5 a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17, fiye da miliyan 3 a jihar Maradi kaɗai. Mutane sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Saurayin da ya komo daga Kano da kuɗinsa ba ya jiran uba ya yi masa aure. Gandaye sun rarrabu. In kuwa gona ta yi kaɗan, gamanar mace ake fara karɓewa, domin aro ce, zanen aro kuma ba ya rufe katara.

Duk da haka mace ba ta rasa madogara ba. Shari'ar Musulunci ta ba ɗiya rabin rabon ɗa cikin gado, gona kuwa tana cikin gado. Dokar karkara ta ran 2 ga Maris 1993 ta ce ba a bambanta namiji da mace wajen samun ƙasa, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardar shaida.

Saura ga magada da masu gari da malamai: ranar rabon gado, a ƙirga ɗiya mata, a rubuta rabonsu. Gonar da aka rubuta ba ta komawa aro.