KANAR DAVENPORT: CUTA BA MUTUWA BA CE

Samarinmu na Bodinga da Shagari sun san gudu da tsalle tun a filin makaranta, amma kaɗan ne suka ji labarin Willie Davenport, sojan Amurka wanda ya shahara wajen tseren tsallake shinge. Shi wannan tsere tsawonsa mita 110 ne, an jera shinge goma a kan hanya, kowanne tsayinsa ƙafa uku da rabi. Saboda haka wanda gwiwarsa ba lafiya ba shi da rabo a ciki.

An haifi Davenport a garin Troy, cikin Jihar Alabama, a 1943. Yana farabiti aka zaɓe shi zuwa wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, ya komo hannu wofi. Bayan shekara huɗu, a birnin Meziko, ya tsere wa kowa cikin daƙiƙa 13.3, ya karɓi lambar zinariya.

To, a 1975 sai ƙaddara ta auka masa. Yana cikin tsere jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Aka yi masa aiki a asibiti, sa'an nan kuma jini ya daskare masa, gudan ya tafi huhu, ya kwanta rai a hannun Allah. Shekarunsa 32 a lokacin, watau ya kai inda yawancin 'yan tsere kan haƙura ko da lafiyarsu ƙalau.

Shi kuwa da ya miƙe sai ya koma fili. A 1976, a Montreal ta ƙasar Kanada, ya zo na uku, bayan Guy Drut na Faransa da Alejandro Casañas na Kyuba, aka ba shi lambar tagulla. A ganinmu tagullar nan ta fi zinariyar 1968 daraja, gama ta farko ƙuruciya ta ba shi, ta biyu kuwa haƙuri.

Har wa yau, a 1980 ya shiga tseren keken ƙanƙara a Lake Placid, zuwansa Olamfik na biyar ke nan. A aikin soja kuma ya kai muƙamin Kanar. Ya rasu ran 17 ga Yuni, 2002, a filin jirgin sama na Chicago, sanadin ciwon zuciya.

Jama'a, duk saurayin da ciwo ya kayar, kada mu yi gaggawar cewa tasa ta ƙare. Mu kai shi asibiti da wuri, mu jure wa jinyarsa, in ya tashi mu mai da shi fili.