Suna da aiki, amma wata ya fi albashi tsawo: halin iyalai a Nima da Maamobi

Da asuba a babban titin Nima, masu gadi na dawowa daga Cantonments da Roman Ridge, masu koko sun hura wuta, direbobin trotro sun fara lodi. Kowa da sana'arsa. A takardar hukuma, da yawansu ba matalauta ba ne: binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ghana na 2016/17 ya sa talaucin yankin Greater Accra a kashi 2.5 cikin 100 kacal. Amma ka tambaye su a tsakiyar wata, ka sha labari.

Wani mahaifi ya same ni a makaranta kan kuɗin littattafan 'yarsa. Direba ne a kamfani, matarsa na sayar da waakye. Ya ce, "Malam, wallahi ba ƙi na yi ba. Mai gida ya ce adbans na shekara biyu, ko mu kwashe kaya."

Nan gizo ke saƙa. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar adbans fiye da na wata shida, amma a zango wa zai kai mai gida Rent Control, alhali mutum goma na layin ɗakin? Sai a kwashe kuɗin susu, a ci bashi, sauran wata a bi da gari.

Albashi mafi ƙanƙanta a 2025 sidi 19.97 ne a rana, bai kai sidi 600 a wata ba. Hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022. Ta lafa daga baya, amma kuɗin ɗaki bai koma inda ya taso ba. Ga wutar prepaid, ga ruwan saye, ga kuɗin mota.

Tallafin LEAP, wanda aka fara a 2008, na gidaje mafi talauci ne masu marayu, tsofaffi ko naƙasassu. Mai albashi ba ya ciki. Karatun sakandare kyauta ne tun 2017, amma akwati, katifa da guzuri na wuyan iyaye.

Irin waɗannan iyalai ba sa roƙo, kunya ba ta barinsu. Ya kamata masu rabon zakka da sarakunan zango su tuna da su, su kuma zauna da masu gidaje kan haya wata-wata. Mahaifin nan dai ya biya kuɗin littattafan, kashi uku, bayan ya sayar da wayarsa.